Keken ɗinki a jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja: yaya zan yi da ƙafafunsa?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon wanda ya saba hawa jirgin Rigasa zuwa Abuja.

Zan kai wa ƙanwata keken ɗinki na ƙafa a Kubwa, kuma a tashar Kubwa zan sauka. Kan keken ba matsala, na cire shi na naɗe da bargo a cikin kwali, zan iya riƙe shi a cinya. Teburin katakon ma ya fita. Ƙafafun ƙarfen ne suka gagare ni.

Notinan da suka haɗa ƙafafun da feda da babbar tayar sun yi tsatsa sun kafe. Na zuba baƙin mai na bar shi ya kwana, na sa sufana, sai kan noti ɗaya ya cinye, yanzu sufana zamewa kawai take yi. Mai walda ya ce zai gasa da wuta, na hana, don irin wannan ƙarfen tsagewa yake yi, ba lanƙwashewa ba. Saboda haka ne ma ba na son ba direban tasha ya ɗaure a bayan mota a danne shi da buhuna.

A haɗe yadda suke, ba za su hau wurin ajiye jaka na saman kujeru ba, kuma idan na ajiye a tsakiya na tare wa mutane hanya. Wajen sayen tikiti a waya ban ga inda ake biyan kuɗin kaya ba.

Shin ana karɓar kaya mai girman haka a wannan jirgin, ko a kan ƙarin kuɗi ne? Na gode.