Wa ya taɓa ganin jerin fitilun nan a samaniyar Sakkwato?

Baban Halifa, Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Ina son in ji daga waɗanda sunka gani da idonsu, ba labarin "an ce" ba. Jiya tsakanin Magariba da Isha'i muna zaune ƙofar gida an ɗauke wuta, sai ga wasu fitilu sun taso daga yamma a jere, ɗaya bin ɗaya kamar an miƙe carbi. Ba ƙara, ba ƙiftawa. Sunka ratsa bisa kanmu, suna kaiwa wani wuri ta gabas sai su riƙa ɓacewa ɗai-ɗai. Yara dai ciki sunka ruga. Wa ya taɓa ganin irin wanga?

Maman Ummi, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ni da asuba na gan su, lokacin zafi muna kwana tsakar gida. Na tashi alwala na ɗaga kai, sai da butar ta kusa kuɓuce min. Da halin da ake ciki a ƙauyukanmu, duk abin da ya gilma ta sama gaban mutum faɗuwa yake. Surukata cewa ta yi a kama salati kawai.

Ɗalibin Fiziks, Dundaye: Baba da Mama, ku kwantar da hankali, taurarin ɗan'adam ne na Starlink, na kamfanin SpaceX da ke Amurka. Roka ɗaya ke ɗaukarsu da yawa ta sake su wuri guda, shi ya sa a kwanakin farko suke tafiya a jere, kafin kowanne ya hau matsayinsa wajen kilomita 550 daga ƙasa. Tun Mayun 2019 aka fara da guda 60. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne ke dukansu. Mu nan ƙasa rana ta faɗi, su can sama ba ta faɗi musu ba tukun. Ɓacewar da Baba ya gani, inuwar duniya suka shiga. Dalili ke nan da ba a ganinsu da tsakar dare, sai bayan Magariba ko gab da asuba.

Baban Halifa, Mabera: To ɗana, wanga Starlink ɗin shi ne farantin da nike gani bisa rufin wasu ofisoshi?

Ɗalibin Fiziks, Dundaye: Shi ne Baba, farantin ne ke karɓo intanet daga taurarin. A Janairun 2023 ya fara aiki a Najeriya, mu ne na farko a Afirka.

Malam Na-Arkilla: Nawa ya sha bamban. Ina cikin masu fita duban wata ranar 29, bayan gari inda ba hasken lantarki. Wata rana mun gama duba ba mu ga komai ba, muna shirin tashi sai ga tauraro guda, haskensa ya kusa na Zara, yana tafiya a natse. Ya ɗauki mintoci kafin ya ƙetare. Wani yaro cikinmu ya buɗe manhajar duba taurari ta Stellarium a wayarsa ya ɗaga ta sama, ya ce tashar binciken sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, ISS, kuma akwai mutane a ciki. Tana nisan kilomita 400, tana kewaye duniya cikin kamar minti 90. Tun daga ranar nakan duba shafin Heavens-Above in sa Sakkwato, ya ba ni lokaci da kusurwa, kuma da wuya ya saɓa. Shawarata, kada mutum ya wahalar da wuyansa cikin ƙurar hunturu. Ƙarshen damina, in ruwa ya wanke sama, shi ne lokacin kallo.

Direban Hanyar Illela: Malam, ni abin da na gani ba tafiyar natsuwa ba ce. Ina dawowa da dare na wuce Gwadabawa, sai wata wuta ja ta ratso sama tana rarrabuwa, gutsattsari na binta a baya kowanne da wutsiyarsa. Ta daɗe har na samu na taka burki na sauka gefen titi, fasinjoji na ta innalillahi. Na san tauraro mai wutsiyar nan da kan gilma ƙiftawa da bismillah, wannan ba shi ba ne.

Ɗalibin Fiziks, Dundaye: Yallaɓai direba, yadda ka kwatanta ya fi kama da tarkacen roka ko tsohon tauraron ɗan'adam da ke ƙonewa. Dutsen sama daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce, ƙarfen mutum kuwa a hankali yake zuwa yana wargajewa. Abin da ke jawo su, can sama ma akwai 'yar iska siririya. Kullum tana rage musu gudu, suna sauka kaɗan-kaɗan, suna sauka iskar na ƙara kauri, har ta cinye su. In rana ta yi aman wuta, abin da ake kira guguwar rana, iskar kan kumbura. A Fabrairun 2022 an harba Starlink 49, guguwar rana ta same su suna ƙasa-ƙasa, 38 suka dawo suka ƙone. ISS kanta sai ana tura ta sama lokaci-lokaci, kuma an tsara yi mata ritaya wajen 2030, a saukar da ita kudancin tekun Fasifik inda ba kowa. Namu tauraron sadarwa NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disambar 2011 ba ya cikin wannan lissafi, yana can wajen kilomita 36,000, iska ba ta kai wurin.

Hajiya Mai Atamfa, Tsohuwar Kasuwa: Ɗana kana ta cewa suna ƙonewa. Duka suke ƙonewa? Don ni rufin kwano gare ni.

Ɗalibin Fiziks, Dundaye: Hajiya ba duka ba. Ƙananan kan ƙone, manyan gaɓoɓin roka ne abin ji. A Mayun 2020 dogayen ƙarafan rokar Sin, Long March 5B, sun faɗo ƙauyuka a Kodebuwa. Ƙarshen Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya. Ba a rasa rai ba a duka biyun. In kun tsinci irin wannan a gona kada a taɓa, wasu tankunan na ɗauke da ragowar mai mai guba, a sanar da hakimi da jami'an tsaro. Musamman 'yan jari-bola nake ji wa.

Hajiya Mai Atamfa, Tsohuwar Kasuwa: To in ya fasa min ɗaki wa zai biya?

Lauya Ɗan Gawon Nama: Hajiya akwai yarjejeniyar 1972 da ta ɗora alhakin ɓarna kan ƙasar da ta harba abin. An taɓa aiki da ita: tauraron ɗan'adam Kosmos 954 na Tarayyar Sobiyet ya watse a arewacin Kanada a 1978 da sinadarin nukiliya, daga baya Sobiyet ta biya dalar Kanada miliyan 3. Sai dai ƙasa ce ke neman diyya wurin ƙasa, ba ke da kanki ba. Takardarki sai ta bi ta Abuja, su kai ƙorafin ta hanyar jakadanci.