Waɗanda aka yi wa aikin ƙarfafa koniya saboda keratokonus, ku ba mu labari

Ɗalibi daga Zariya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 21, kuma cikin shekara biyu sau uku ana sauya mini gilashi ba tare da ganina ya daidaita ba, har fitilar mota da daddare takan zame mini uku masu jela. Likita ya ɗauki hoton taswirar idona, ya ce koniyata, wato tantanin nan mai garau da ke gaban baƙin ido, tana sirancewa tana tsini, cutar da ake kira keratokonus, kuma ya ba ni shawarar aikin ƙarfafa koniya da suke kira kuros-linkin. Ina roƙon wanda aka yi wa ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani.

Malamin makaranta daga Kaduna:
Wa alaikumus salam, ƙanena. An yi mini a idon dama shekara huɗu da suka wuce. A farke nake aka yi, maganin kashe zafi kawai aka ɗiga, sannan likita ya kankare siririyar fatar saman koniyar, aka riƙa ɗiga ruwan ribofulabin, wato bitamin B2, mai launin rawaya, har tsawon minti 30, daga nan aka haska hasken UVA, wani nau'in haske da ake samu a cikin hasken rana, na wasu minti 30. Wannan ita ce hanyar da likitocin Dresden a Jamus suka wallafa a 2003, kuma amfaninta shi ne zaruruwan koniya su ƙara ɗaurewa da juna ta yi ƙwari. A lokacin aikin ban ji komai ba sai gajiyar kallon fitila. Wahalar tana gida: da maganin ya sake ni, sai na ji kamar an zuba mini yashi da barkono, hawaye na zuba, na kwana biyu a ɗaki da labule a sake. A rana ta biyar aka cire gilashin mannawa, wato siririn gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, da aka rufe idon da shi, amma hazo-hazo bai gushe ba sai bayan wasu watanni. Abin da nake so ka riƙe shi ne aikin tsayar da cutar yake yi, ba ya maido da ganin da ya riga ya tafi, domin har yau da gilashin mannawa mai tauri nake karanta rubutun ɗalibaina.

Wata uwa daga Katsina:
Yaro, kada ka yi jinkiri irin namu. Ɗana tun yana ƙarami yake fama da ƙaiƙayin ido, musamman lokacin ƙura da zafi, yana murza shi da bayan hannu har ya yi jajir, mu kuma muna sayen maganin ɗigawa a kemis ba tare da ganin likita ba. Sai da ya kai shekara 16 muka san sunan cutar. Da aka auna kaurin koniyar, ta hagu ta gaza maikiron 400, wato ƙasa da rabin milimita, da ake buƙata a hanyar da aka saba, ga tabo a tsakiyarta, don haka aka ce wannan idon sai dashen koniya. Na dama aka yi wa aikin, kuma alhamdu lillahi awon baya-bayan nan ya nuna bai ƙara tsini ba. Har yanzu zuciyata tana sosuwa idan na tuna yawan lokutan da na gan shi yana murzawa na yi shiru.

Ma'aikaciya a Abuja:
Hajiya ta faɗi gaskiya game da murzawa. Likitana ya fi nanata wannan a kan komai, ya kuma ba ni maganin ƙaiƙayin tukuna kafin a sa ranar aiki. Ka tanadi wanda zai raka ka gida, da baƙin tabarau, kuma kada ka bari ruwa ya shiga idon kafin fatar ta warke, saboda a wannan makon ne ƙwayar cuta ta fi samun ƙofa.

Ɗalibi daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ba ɗanki lafiya, Hajiya. Malam, jarrabawarmu saura mako shida. A ganinka in yi aikin yanzu zan iya karatu kafin lokacin, ko in nemi likita ya sa ranar bayan mun gama?