Shawarwarin masu zaga unguwannin Yahudawa a Krakow

Waɗanda suka zaga birnin Krakow na Poland da ɗan jagora sun fi nanata abu guda: a tambaye shi inda aka ɗauki fim, da inda abin ya faru a zahiri. A 1993 daraktan fim Steven Spielberg ya ɗauki sassan fim ɗin Schindler's List, labarin Bajamushen da ya ceci Yahudawa daga hannun 'yan Nazi, a unguwar Kazimierz, alhali a Podgórze, tsallaken kogin Vistula, 'yan Nazi suka killace Yahudawa daga 1941 zuwa 1943. Saboda haka a haye gada, a tsaya a dandalin kujerun ƙarfe inda aka riƙa kwasar mutane, a ga ragowar katangar titin Lwowska. A ganina nan ya kamata a daɗe. Tikitin shiga masana'antar Schindler kuwa, wadda yanzu gidan tarihi ce, a saya da wuri. Majami'ar Yahudawa ta Remuh da ke Kazimierz ba ta karɓar baƙi ranar Asabar, kuma maza su rufe kai.