Neman shawara: maigidana ya kamu da hawan jini, farin magi ne ya jawo?

Maman Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Gumel. Maigidana fataucin awaki yake yi, Alhamis yana Maigatari, Juma'a wani lokaci har Wudil, don haka rabin cinsa a rumfar masu abinci yake yi: shinkafa da miya, taliya da wake, da yamma kuma tsire. Kwanan baya ciwon kai ya dame shi, aka auna shi a asibiti aka ce jininsa ya hau. Surukata ta dage cewa farin magin da masu abinci ke zubawa ne, har ta hana a shigo da ko ɗunƙule ɗaya gidan. Yanzu yara sun ƙi cin miyata, shi kuma ya ce ba zai bar cin kasuwa ba. Shin da gaske farin magi ne? Ya zan yi?

Inna ta Ɓaɓura: Wa alaikumus salam 'yata. Surukarki ba ta faɗi ƙarya ba. Mu da muka taso, daddawar kalwa ce da busasshen kifi da kimba da masoro, kuma miyar kuka tana tashi har maƙwabta su san an kaɗa. Abin da ake cewa yana fitar da datti a farin kaya, ina shi ina cikin mutum?

Malama Nas: Inna, Allah ya ƙara girma, amma bari in ɗan saɓa miki. Maganar wanki ba hujja ba ce, lemon tsami ma ana goge tukunya da shi kuma muna sha.

Farin magi sunansa monosodiyam gulutamet. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fara tace shi daga ciyawar teku a 1908, yau kuma da rake ko rogo ko masara ake yinsa, ta hanyar tsimawa. Abin da zai ba ki mamaki, Inna, shi wannan gulutamet ɗin yana cikin tumatir, yana cikin nonon uwa, kuma shi ne ke sa daddawarki daɗi idan kalwa ta ruɓa ta yi yadda ake so. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba shi a 1987 bai sa shi cikin masu cutarwa ba, idan dai gwargwadon girki aka zuba. Akwai masu cewa yana sa su ciwon kai idan ya yi yawa, irin waɗannan sai su guje shi.

Maman Sadiƙu, a cikin abinci, babban abin da ke iya tayar da jinin maigidanki sodiyam ne, wato sinadarin da ke cikin gishiri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ya riga ya shiga abinci. Gishiri kusan kashi 40 cikin ɗari nasa sodiyam ne, farin magi kuwa kashi 12. Shi ɗunƙule, wanda kowa ke wa kallon mai sauƙi, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne zalla. To ki lissafa kwano ɗaya na kasuwa: gishiri a shinkafa, gishiri da ɗunƙule da farin magi a miya, yajin da za a barbaɗa shi ma an daka shi da gishiri da ɗunƙule, sannan a je wajen mai tsire a ƙara wani yajin. Kafin la'asar ya wuce rabonsa na yini.

Hajiya mai abinci: Ni sana'ata ke nan, a bakin tasha nake sayarwa, kuma ba zan ɓoye muku ba, muna zubawa. Nama ya yi tsada, tumatir wani lokaci sai a hankali, me zai riƙe tukunyar mutum hamsin? Ranar da na rage, direbobi suka ce Hajiya yau miyarki salam take. Bakin mutane ne ya saba. Amma ina da wasu dattawa masu hawan jini, nakan ɗibar musu miya tun kafin in yi zubin ƙarshe. Ki ce wa maigida ya tsayar da rumfa ɗaya, ya gaya wa mai ita larurarsa. Ba za ta ƙi ba, ciniki take nema.

Inna ta Ɓaɓura: To Malama, na ji. Amma dai daddawa ta fi, ko ba haka ba?

Malama Nas: Ta fi, Inna, a nan muna tare. Tana ba da ɗanɗano ba tare da ta cika miya da gishiri ba, ga kuma gina jiki. Sai dai na gargajiya ma ba duka ne lafiya ga mai hawan jini ba. Kanwa ita ma sodiyam ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Idan an kori ɗunƙule aka cika hannu da gishiri da kanwa, an gudu ne ba a tsira ba.

Baban Yusra: 'Yar uwa, ni direba ne kuma ciwon nan ina da shi. Na daina yajin tsire, nakan ce a ba ni nama da albasa da tumatir kawai. Da safe fura da nono ko koko, ba shayi da indomi ba, don ƙullin da ke cikin ledar nan gishiri ne fal. Kuma don Allah kada ya bar ƙwayar da aka rubuta masa don ya ji kai ya daina ciwo. Wani abokin aikinmu haka ya yi, yanzu ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi.

Maman Sadiƙu: Allah ya saka da alheri. To yaran da suka ƙi miya fa? Kuma ɗanwake muke yi kusan kullum da safe, ai ba ya yiwuwa babu kanwa.

Hajiya mai abinci: Kada ki yanke musu gaba ɗaya. In kina sa ɗunƙule uku, koma biyu, bayan sati biyu ki koma ɗaya, ba za su lura ba. Ki soya albasa sai ta yi ja, ki daka daddawa da citta da tafarnuwa da kan busasshen kifi, ki zuba tun ruwan miya bai tafasa ba don warin daddawar ya mutu.

Malama Nas: Ɗanwake ku ci abinku, amma a jiƙa kanwa kaɗan a tace, shi kuma maigida a zuba masa mai da albasa da barkono zalla, ban da yajin da aka daka da ɗunƙule. Ya riƙa leƙa asibitin da ke kusa da ku ana auna shi, ki sa Sadiƙu ya rubuta abin da awon ya nuna a littafi, ku tafi da shi duk ranar ganin likita.