Wai da gaske ruwan cakulan ne jinin fim ɗin Psycho?

Ɗan Kallo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ana ta cewa jinin da ya malale a banɗaki, a wurin da aka soke wata mata da wuƙa tana wanka, a fim ɗin Psycho na darakta Alfred Hitchcock, na 1960, ruwan cakulan ne. Gaskiya ne ko shaci-faɗi? Kuma me ya sa wurin ke tayar da tsikar jiki alhali ba a ga wuƙa tana yanka ba?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, ɗan uwa. Fim ɗin baƙi-da-fari ne, kyamara ba ruwanta da ja, duhu da kauri kawai take gani, cakulan kuwa yana da duka biyun. Amma kar wani ya gwada a fim mai kala, sai dai a ce jaruma ta ɓarar da Milo.

Tsoron kuwa aikin almakashi ne. Kwana 7 aka yi ana ɗaukar wurin a Disamba 1959, an dasa kyamara sau 78, an yanka hoto sau 52. Ka ga hannu, ka ga bakin jarumar, Janet Leigh, a buɗe, ka ga wuƙa ta taso, kafin ido ya tantance an wuce. Zuciyarka ce ke ƙarasa yankan. Da an bar hoto ɗaya ya daɗe, asiri ya tonu.

Baban Sauti: Malam, ka bar kunne a baya. Ƙarar sukar, wani ɗan uwan kankana ne mai suna kasaba aka riƙa caka wa wuƙa. Kiɗan kuma na Bernard Herrmann ne, da kayan tsirkiya zalla irin su goge, ba ganga ba algaita. Abin dariya, da farko Hitchcock cewa ya yi kar a sa kiɗa a wurin. Da ya ji, sai ya haɗiye maganarsa. Kashe sauti ka sake kallo, rabin tsoron ya gudu.

Hajiyar Sinima: Akwai kuma hoton da kyamara ke kallon kan shawa kai tsaye ba ta jiƙe ba: an toshe ramukan tsakiya ne, aka ja kyamara baya da gilashi mai jawo nesa, ruwa ya bi gefe. Shi ma dattijo Hitchcock bai iya ɓuya ba, ku duba farkon fim, ga shi can tsaye a wajen ofis da hular kaboyi. Kuma ya hana a shigar da kowa sinima in an fara fim, ko da tikiti a hannunsa.

Ɗan Kallo: Na gode, Hajiya. Da mu ne masu zuwa a makare, da a bakin ƙofa za mu ƙare.