Ƙarya fure take, ko faɗan da ya fi ƙarfinka? Gardama kan labaran 'yan mazan jiya

Jikan Kofur:
Assalamu alaikum. Jama'a, ku raba mu gardama ni da yayana. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo da igiya biyu a hannun riga. Muna yara in dare ya yi sai mu kewaye shi. Yakan ce sauron Bama guda biyu sun taɓa ɗauke wani sajansu cak, da shi da bargonsa, sai da aka harba igwa suka sake shi. Ya ce wata rana harsashi ya biyo shi, ya yi kwana harsashin ya yi kwana, ya kwanta harsashin ya tsaya a kansa yana jira, sai da ya miƙe ya sara masa sannan ya wuce. Ruwan saman can kuwa, wai da safe kifi yake zazzagewa daga aljihu. Jiya ina ba 'ya'yana waɗannan labarai suna ta ƙyalƙyala dariya, sai Yaya ya ɓata rai ya ce "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya". Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Wannan karin magana ya dace da tsohon nan?

Malam Na-Zaure:
Wa'alaikumus salam. A'a, an ɗora wa jaki kayan da ba nasa ba. Ma'anar karin maganar nan ita ce ƙarya tana da kyan gani da farko, amma mai jiran ya ci moriyarta zai tashi a tutar babu. Wato akwai wanda ya shuka ta yana jiran girbi. To me kakanku ya nema wurin jikokinsa da labarin sauro? Shi ya san ba haka ba ne, ku ma kun sani, ya kuma san kun sani. Karin maganar da ya fi dacewa da shi shi ne "faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa".

Ɗan Almajiri:
Allah ya gafarta Malam, da gyara. "Faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa" shawara ce ga wanda ke tsakiyar rigima: ka ga abokin faɗanka ya fi ka, sai ka yi dariya ka ce ai wasa nake, ka tsira da haƙoranka. Ba a faɗarsa bayan an gama komai an koma gida. Wanda ya zo yana cika baki bayan ƙura ta lafa, sunan abin da yake yi ihu bayan hari. Sannan kada mu manta akwai hadisi a Abu Dawuda da Tirmizi da ya yi kashedi mai tsanani ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya.

Malam Na-Zaure:
Ihu bayan hari na wanda bai zo ba ne sai da mahara suka wuce. Wannan bawan Allah a cikin harin yake tsundum. Hadisin kuwa gaskiya ne, ba na ja da shi, kuma hukuncinsa na malaman fiƙihu ne. Abin da zan iya cewa ta fuskar harshe shi ne Bahaushe ya ware wa irin wannan zance gurbinsa tun da can. Mai tatsuniya yana rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya", don kowa ya san a wane fage ake. Harsashin da ke jiran a sara masa, shi kansa ne alamar cewa an shiga fagen Gizo.

Uwar Biyu:
Ni ina ganin sai mun san abin da mutanen nan suka tarar kafin mu zaɓa musu karin magana. An kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943, aka bi da ita ta teku zuwa Indiya, a 1944 ta shiga kwarin Kogin Kaladan da ke Bama. Daji ne da tsaunuka, ba hanyar mota, abinci da harsasai daga jirgin sama ake sako musu da laima, sauran aikin kuma 'yan dako ne ke ɗauka a ka suna hawa suna sauka. Runduna ta 82 ta biyo baya ta yankin Arakan, su biyun suka haɗu aka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Najeriya uku kuma suna cikin dakarun da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da matsattsaku da ruwan damina sun gallabi sojojin da suka yi yaƙi a Bama ƙwarai. To ku sake duba labaran tsohon: sauro, ruwa, harsashi. Bai ƙago ko ɗaya ba. Abubuwan da suka addabe shi ne ya hura su suka yi girma har suka zama abin dariya. Da yabon kai yake so, da ya ce ya kashe ɗari. A labarin nasa ma shi ne mai gudu, shi ne mai sara wa harsashi.

Tsohon Saja:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo wurin. Ina cikin waɗanda suka je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, bayan an fara sauke dakaru a Monrobiya a watan Agustan 1990. A bariki muna da masu zuba iri biyu, kuma ko kurtu ba ya ruɗewa a kansu. Akwai wanda in ya fara kowa zai matso da kujera, don an san ƙarin gishiri ne zalla, kuma galibi kansa yake tsokana: yadda ya tsere ya bar takalminsa yana gadi, yadda cikinsa ya yi ƙugi har aka ɗauka igwa ce aka kwanta. Wannan ana yi masa amshi, wani ya ce ai ni na ɗauko maka takalmin, har yanzu yana tsaye ƙam. Akwai kuma wanda zai natsu ya gyara murya ya ce shi ya riƙe gada kaza shi kaɗai, alhali mun san waɗanda suka riƙe ta, mun kuma san wanda bai dawo ba. In irin wannan ya fara, ɗaki shiru yake yi, mutane su zame ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ake ce wa in ya ce zai haɗiye gatari a riƙe masa ƙota.

Ɗan Almajiri:
Baba Saja, mu "a sakar masa ƙota" muka taso muna ji.

Tsohon Saja:
Duka ana faɗa, ɗana. Mai riƙewa yana taya shi ne don a ga iyakar kurinsa, mai sakewa ya bar shi da kayansa. Ko ta wace hanya gatarin bai haɗiyu ba.

Mai Karance-Karance:
Wannan rabe-raben na Baba Saja har kotu ya je a Amurka. Sun yi doka a 2006 da ta mai da laifi mutum ya ce an ba shi lambar yabon soja alhali ba a ba shi ba. Wani mai suna Xavier Alvarez ya tashi a taron hukumar ruwa a Kalifoniya a 2007 ya ce shi tsohon sojan ƙundumbala ne mai lambar yabo mafi girma ta ƙasar, ga shi bai taɓa shiga soja ba. Aka kama shi da laifi, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta rushe dokar da rinjayen alƙalai 6 da 3, ta ce ta taɓa 'yancin faɗar albarkacin baki. A 2013 aka sake dokar, aka taƙaita ta ga wanda ya yi ƙaryar don ya samu kuɗi ko dukiya ko wata moriya. Kun ga fassarar Malam ke nan, sun bi mai jiran 'ya'ya. A ɗaya gefen kuma akwai Bajamushen nan Münchhausen, haifaffen 1720, wanda ya yi aikin soja na gaske a rundunar Rasha a yaƙinta da Turkawa. Ya koma gida yana nishaɗantar da baƙinsa da labarai, a 1785 wani ya buga su a Ingila da ƙarin gishiri, daga baya har aka ce ya hau dalmar igwa ya yi tafiya a sama. Ya rasu a 1797, sunansa ya zama lakabin maƙaryaci a Turai, aikin sojan da ya yi da gaske kuwa aka manta da shi.

Babban Jika:
Ni ne yayan da ake magana. Na karanta duka, na gode. Ƙanena, ban kira Baba maƙaryaci ba, kuma in haka ka ji, ka yafe mini. Amma abin da ya samu Bajamushen nan shi nake tsoro. Na girme ka da shekara tara, ni nake kwana a ɗakinsa. In hadari ya haɗo aka yi tsawa cikin dare, firgigit yake tashi, ya dira ƙasa ya manne da bango, hannunsa na lalubar abin da babu. Jikinsa sharkaf da gumi. Sai na kunna fitila na kira shi sau uku, sau huɗu, kafin ya gane ni. Da safe ya fito ya ba ku labarin kifi a aljihu. Ku kun samu dariya, ni na ga abin da ke ƙarƙashinta. Ya rasu ba mu san bataliyarsa ba, ba mu san ko ta Kaladan ya bi ko ta Arakan ba, ba mu san su wa ya binne a can ba. Da na ji yaran nan suna dariya, babbansu har yana cewa shi ma yaƙi zai je ya ga sauron, sai raina ya ɓaci. Fure muka gada, 'ya'yan sun tafi da shi kabari. Abin da nake nufi ke nan.

Malam Na-Zaure:
To yanzu na ji ka. Ka juya karin maganar ne zuwa wata fuska, kuma ta karɓa, ko da yake ba haka aka saba amfani da ita ba, shi ya sa ƙanenka ya ji ta kamar zagi. Ni ma na janye nawa rabi. Wanda ya fi kama da abin da ka bayyana shi ne "tsoro na daji, kunya na gida". An fi faɗarsa da nufin a daji abin da zai cuce ka ake gudu, a gida kuma abin kunya. Tsohon nan ya dawo da tsoron dajin a ƙirjinsa, kunyar gida ta hana shi ajiye shi a gaban 'ya'ya da jikoki. Namijin zamaninsa ba ya zama ya ce na ji tsoro har na kasa tsayuwa. Amma yana iya cewa harsashi ya sa ni sara masa.

Tsohon Saja:
Haka ne, Malam. Ni ma akwai abin da ban taɓa gaya wa iyalina ba, labarin takalmi dai sun haddace shi. Sai dai Babban Jika, kada ka hana yaran dariyar. Ka bar musu sauron, ka ƙara musu da daren tsawa. Kai ganau ne, ba jiyau ba, kuma in ba ka faɗa ba babu mai faɗa.

Ɗan Almajiri:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa gara a yi shiru da a ƙara gishiri. Amma na janye ihu bayan hari, bai dace da shi ba. Allah ya jiƙansa.

Jikan Kofur:
Amin. Yaya, shekara nawa muna tare ba ka taɓa gaya mini wannan ba. In ya tashi a firgice yakan ce wani abu?

Babban Jika:
Suna ɗaya yake kira, kullum shi, ba sunan kowa ba ne a danginmu. Sai ya ce a ba shi ruwa, a ba shi ruwa, yana nuna gefensa. Na ɗauka shi ke jin ƙishirwa, in na miƙa masa moɗa sai ya ajiye ta a ƙasa kusa da shi bai sha ba. Ka zo da yaran ranar Juma'a bayan la'asar.