Neman shawara: Yayanmu ya sa hannu a takardar sulhu, yanzu ya ce ba ta hau kansa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar gidan haya a Tudun Wada, mu bakwai ne magada, uwa biyu. Ni na yi jinyar Baba wata goma sha ɗaya, ina barin 'ya'yana a wurin maƙwabta, amma tun bayan sadakar arba'in babban yayanmu, wanda muke uba ɗaya, shi kaɗai ke karɓar kuɗin haya. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa muka je kotun shari'a, alƙali ya ɗage ƙarar ya tura mu sulhu. A gaban mai sulhu Yaya ya amince zai riƙe gidan ya biya mu kasonmu a kashi uku, ya sa hannu, Kawu kuma ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Ya biya kashi na farko, yau wata biyar ke nan shiru, yana cewa nauyin Kawu ne ya sa ya yarda. Takardar tana ƙasan akwatina. Shin tana da ƙarfi a doka?

Alhaji daga Unguwan Rimi: 'Yata, magana ta ƙare tun ranar da ya sa hannu. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 128, sulhu alheri ne, kuma Ibn Asim ya faɗa a Tuhfa, littafin da alƙalanmu ke dogara da shi, cewa ba a warware sulhun da aka ƙulla ko da ɓangarorin biyu sun so. Ki nuna masa takardar, dole ya biya.

Hajiya daga Kawo: Alhaji, da bakinka ya fi sauƙi. Ni ma haka aka yi mini sulhu da uban 'ya'yana a kan kuɗin ciyarwa, ya biya sau biyu ya ɓace, ga takarda a hannuna har ta fara yagewa a wurin ninki, ni ce har yau nake sayar da ƙosai ina biyan kuɗin makaranta.

Lauya: Malama, akwai abin da ba ki faɗa ba, kuma a kansa komai ya rataya. Bayan sa hannun, kun koma gaban alƙali ya karanta sharuɗɗan ya shigar da su a matsayin hukuncinsa? Idan ya yi, takardar ta zama hukuncin kotu, abin da za ki nema shi ne a zartar da shi, ba sai an sake sauraron shari'ar gādon ba. Irin wannan hukunci na yardar juna yana da wuyar taɓawa. A Babbar Kotu ma, sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu. Wanda yake so a rushe shi sai ya tabbatar da yaudara, ko tilastawa, ko kuskure, jin nauyin kawu kuwa da wuya alƙali ya ɗauke shi tilas. Idan ba ku koma ba, takardar tana nan a matsayin yarjejeniya mai ɗaure shi, amma ba a kama kadararsa da ita kai tsaye, sai kin kai ta kotu.

Alhaji: Barista, kana tsawaita abin da Musulunci ya riga ya yanke. Sulhun da bai halatta haram ba, bai haramta halal ba, ya zauna.

Mai tambaya: Gaskiya ba mu koma ba. Ranar da aka sa mana ta zo ina jego, kuma Inna ta ce tunda ya fara biya kada mu ƙara tsayar da shi gaban alƙali, duniya ta zage mu. Ban ga laifina a nan ba, biyayya na yi.

Lauya: Ba a ɗora miki laifi ba. Ki je wurin magatakardan kotun da lambar ƙarar, ki tambaya ko tana nan ko an kore ta saboda rashin zuwanku, domin daga nan ne za a san matakin gaba.

Mai tambaya: Na gode, amma Inna ba za ta yarda in sake taka kotu ba, ƙannena kuma duk sun zuba mini ido. Babu wata hanyar da Kawu zai bi da takardar nan ba tare da sunana ya fito ba?